BUZUZUN WATAN MAYU: INDA YAKE DA INDA YA DOSA

Daga Wakilinmu na Arewa, Kano

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, da sauran garuruwan Kurmi: Duk wanda ya tashi a karkarar Arewa ya san abin da kan faru a daren da aka yi ruwan shuka. Da an yi magariba an kunna fitila a tsakar gida, sai ka ji wani abu ya taho yana gurnani, ya bugi fitilar, ya faɗi rigingine yana harbin iska. Buzuzu ne mai launin ƙasa-ƙasa, bai fi kwanson gyaɗa girma ba. Yara su yi wasa da shi, gari ya waye kaji su karya kumallo da shi, shi ke nan. Ba mai ɗaukarsa a bakin komai.

To, wannan ƙwaro yana da 'yan'uwa a Turai da Amurka, waɗanda Turawa ke kira buzuzun watan Mayu, kuma a 'yan shekarun nan maganarsu ta sake tasowa a ma'aikatun gona da na gandun daji na can. Dalili kuwa shi ne ƙwaron ya sake yawa a wuraren da aka ce ya ƙare, yana kuma ɓulla a wuraren da ba a san shi ba a da. Mai karatu zai ce, ina ruwan mai sayar da albasa a kasuwar Mil 12 da ƙwaron Jamus? Akwai ruwansa. Da yawa daga cikinku a farkon damina kuke aika kuɗin iri da na taki gida, wasunku kuma abincinsu yana kan lodin doya da gyaɗa da hatsi tsakanin Kudu da Arewa. Abin da ke sa ƙwaro ya zauna a wata ƙasa, da abin da ke sa shi ya yi ƙaura, ya shafi kuɗin nan da lodin nan baki ɗaya.

SUNA ƊAYA, GIDA BIYU

Da farko ya kamata a san cewa ƙwari iri biyu ake kira da wannan suna. Na Turai, wanda masana ke kira Melolontha, tsawonsa ya kai inci ɗaya ko ya ɗara kaɗan. Ana samunsa tun daga Ingila da Faransa har Yukiren, yana kuma da wani ɗan'uwa mai son daji da ƙasar rairayi, wanda ya bazu gabas har cikin Saberiya. Na Amurka kuwa, watau Phyllophaga, zuriya ce babba mai nau'i sama da 800, tun daga Kanada zuwa Meziko da tsibiran Karibiyan har Amurka ta Kudu. Babu ɗayansu da yake ɗan asalin Afirka ta Yamma, amma dukansu dangi ɗaya ne da namu, rayuwarsu kuma iri ɗaya ce.

Macen takan tona ƙasa ta yi ƙwai. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa fara mai jan kai da ƙafa shida, wadda kullum a lanƙwashe take kamar lauje, irin wadda mu muke kira gwazarma. Ita ce mai ɓarnar. Shi babban buzuzun yakan ci ganyen itace na 'yan makonni ya mutu, itacen kuma ya sake toho. Tsutsar kuwa tana can ƙarƙashin ƙasa tana cin saiwa inda ba mai ganinta, a Turai har shekara 3 ko 4 kafin ta rikiɗa ta fito. Shi ya sa manomin can yakan ga ƙwaron bana, ɓarnar kuwa sai baɗi da baɗin baɗaɗa.

Sunan nan na Mayu yakan ruɗi mutane, alhali ƙwaro bai san kalanda ba, ƙasa yake saurare. A kudancin ƙasar Amurka, jihohi irin su Tekzas inda zafi kan sauka da wuri, tun watan Afrilu wasu nau'o'insa kan fara fita, wasu kuma shekara ɗaya ta ishe su girma. A arewacin ƙasar da Kanada sai watan Yuni, har ma a can buzuzun Yuni ake ce masa, tsutsarsa kuma takan yi shekara 3 a ƙasa. A Meziko da Gwatamala rani ne ke tsare shi, ruwan farko na watan Mayu ke fito da shi, tsutsarsa kuwa, wadda manoman can ke kira makauniyar kaza, tana cikin manyan abokan gaban masara. A Indiya, danginsa ba su fitowa sai damina ta sauka wajen watan Yuni, sa'an nan su taso da magariba su taru a kan itatuwan darbejiya, tsutsarsu kuma ta faɗa wa gyaɗa a jihohin Rajastan da Gujarat. Ka ga ke nan abubuwa uku ke shata masa iyaka: ɗumin ƙasa, da laimarta, da irin ƙasar kanta. Duk wanda ya taɓa ɗaya daga cikin ukun nan, ya matsar da iyakar.

YADDA TURAWA SUKA KWASHE DA SHI

Turawa sun daɗe suna fama da wannan ƙwaro. A 1478 mutanen birnin Bern na ƙasar Suwizalan, da tsutsar ta cinye musu amfanin gona, har ƙararta suka kai kotun coci, aka yanke mata hukuncin barin ƙasa. Ba ta tafi ba. Daga baya sai aka koma tsinta. A shekarar da ƙwaron ya fito da yawa akan tura 'yan makaranta da sassafe su girgiza itatuwa, su cika bokitai, hukuma ta biya su lada. A wasu sassan Jamus da Faransa ma har miyarsa aka riƙa yi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai maganin feshi ya zo, musamman DDT, wanda wani masani ɗan Suwizalan mai suna Paul Müller ya gano amfaninsa a 1939. Aka yi ta feshi ta ƙasa da ta sama, har ya zamana wajen 1970 yaro yakan girma a wasu yankunan bai taɓa ganin buzuzun Mayu ba. Amma gubar ba ta tsaya kan buzuzu ba, ta shiga tsuntsaye da kifi da abincin mutane. Jamus ta Yamma da Amurka suka hana amfani da DDT a 1972, wasu ƙasashen suka bi. Daga shekarun 1980 ƙwaron ya soma dawowa.

Inda ya dawo da ƙarfi shi ne abin lura. Akwai wani yanki a jihar Hesen ta Jamus, kudu da birnin Farankfot, kusa da kogin Rayin, wanda a da ƙasarsa fadama-fadama ce, ruwa na kusa. Tsutsar ba ta jure ƙasar da ruwa ke kwanciya a cikinta. Tun shekarun 1960 aka haƙa manyan rijiyoyi a yankin ana zuƙe ruwa domin shayar da birane, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, rairayin ya bushe ya yi ɗumi. Watau an gyara wa tsutsar shimfiɗa ke nan. A yankin, kowace shekara 4 ƙwaron ke fitowa, kamar yadda ya yi a 2014 da 2018 da 2022, ɗaruruwan miliyoyi a lokaci guda. Itatuwan da ƙishirwa ta riga ta raunana, ga tsutsa na cin saiwarsu, sai mutuwa, ƙananan da aka dasa domin maye gurbinsu kuma su ne tsutsar ta fi so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A Suwizalan da Ostiriya kuwa ɗumamar yanayi ce ta matsar da iyakar. An soma samun tsutsar a makiyayar kan duwatsu inda a da sanyi ke hana ta zama, a wasu kwaruruka kuma tsutsar da takan ɗauki shekara 4 ta koma shekara 3. Idan ta cinye saiwar ciyawa a kan gangare, ba abincin shanu kaɗai aka rasa ba, ƙasar kanta takan zame idan aka yi ruwa mai yawa.

Amma fa Turawan yau ba su koma ga feshin da ba, sai nan da can. Abin da suka riƙe shi ne lissafi. Mutanen Suwizalan sun daɗe da gane cewa ƙwaron ba ya fita ko'ina a shekara ɗaya, har suka raba ƙasarsu kashi uku, shekarar Basel da shekarar Bern da shekarar Uri, kowane yanki ya san shekararsa. Ma'aikatan daji na Jamus kuma sukan tona ramuka su ƙirga tsutsa tun kafin shekarar fitowa, su san inda za a yi dashe da inda za a dakata. Masu lambun tuffa a arewacin Italiya sukan shimfiɗa raga a ƙasa kada macen ta sami wurin yin ƙwai. Akwai kuma wani irin fumfuna mai kashe tsutsar, wanda ake renonsa a jikin ƙwayar sha'ir a binne a gona. Duk waɗannan dabaru ba su aiki sai an san wuri an san lokaci.

ƘWARO A CIKIN KAYA

Buzuzu ba shi da ƙarfin fiffiken da zai ƙetare teku. Mutum ne ke ƙetarar da shi. A 1911 manoman rake a tsibirin Morishus, can cikin Tekun Indiya, suka tarar da wata baƙuwar tsutsa tana cin saiwar rakensu. Da aka bincika, ashe ɗaya ce daga cikin zuriyar nan ta Amurka, daga tsibirin Babados. A garinsu ba ta cika yin ɓarna ba domin akwai masu cinta, a Morishus kuwa ta sami gona ba mai gadi, aka yi shekaru ana fama.

Wani ɗan'uwansu, buzuzun Japan, an fara ganinsa a jihar Niyu Jasi ta Amurka a 1916, ya kuma mamaye gabashin ƙasar. A 2014 aka same shi kusa da birnin Milan na Italiya, a 2017 ya shiga kudancin Suwizalan, a 2023 kuma aka tarar da shi a garin Kloten, gefen filin jirgin saman Zurik, bayan duwatsun da ake zaton za su tare shi. Ƙasa a jikin saiwar tsiro, da mota, da jirgin ƙasa, su ne dokinsa.

Garin neman magani ma akan jawo wata masifar. A 1935 mutanen Ostireliya suka kawo kwaɗi 102 daga Hawayi domin su cinye buzuzun rake. Kwaɗin ba su yi maganin buzuzun ba, sai suka hayayyafa suka bazu a arewacin ƙasar, dafin jikinsu yana kashe namun dajin da suka ci su. Garin neman gira aka rasa ido.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. A farkon 2016, a nan kudu maso yammacin Nijeriya aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara a nahiyar Afirka, asalinta kuwa Amurka. Cikin shekara biyu ta game kusan dukan ƙasashen da ke kudu da Sahara. A shekarar dai, wata tsutsar daga Amurka ta Kudu ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Waɗanda ke sayar da kayan gwari a Ikko ba su manta da kuɗin kwando a wannan shekara ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

NAMU NA GIDA

Mu ma namu dangin buzuzun kowanne da yankinsa, kuma ruwa da ƙasa ne suka raba musu gado. Damina takan sauka a Ikko tun watan Maris ko Afrilu, ta iso Kano ƙarshen Mayu ko Yuni, Maraɗi da Damagaram kuma wani lokaci sai Yuli. Haka fitowar ƙwarin take hawa daga kudu zuwa arewa a bayan ruwan.

A jigawar Arewa, inda ake gyaɗa da dawa da gero, akwai mai zuwa fitila da muka fara ambata, wanda tsutsarsa ke yanke saiwar gyaɗa. Ina yaro na ga haka a gonar kawuna. Gyaɗa ta yi kyau ta rufe ƙasa, sai aka ga wasu kunyoyin suna yaushi tsibi-tsibi alhali ga laima. Aka ce taki ne ya ƙone ta, wasu suka ce iri ne maras kyau, har aka so a yi rigima da wanda ya sayo irin. Da kawu ya ja gindi ɗaya sai ya taho a hannunsa ba wuya, ba saiwa, ya sa fartanya ya tona, ga gwazarma kwance. Wannan ita ce alamar. Idan gara ce, za ka tarar ta rarake saiwar ta cika ta da ƙasa.

Can arewa kuma, a Barno da Jamhuriyar Nijar da Mali, akwai waɗanda babban ƙwaron ne da kansa ke cin zangarniyar gero da dawa sa'ad da take fure ko ƙwayar tana da ruwa. Ɗaya da rana yake ci, tsutsarsa kuma a cikin kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye take girma. Shi ne ya addabi manoman dawa a Habasha a shekarun 1990. Ɗayan da dare yake zuwa, manoman Nijar sukan hura wuta a gefen gona ya faɗa ciki.

A ƙasar doya kuwa, masu lodi daga Zaki Biyam da Anacha sun san doyar nan mai ramuka a jiki kamar an sa cokali an ƙwaƙule, wadda dillali kan karya wa farashi. Aikin wani baƙin buzuzu ne. Da rani yakan koma bakin kogin Kwara da na Binuwai da fadamunsu ya hayayyafa, da ruwa ya sauka sabbin su taso su nufi gonakin doya. Shi ya sa ɓarnarsa ta fi yawa a gonakin da ke kusa da kogi. A da hodar Aldrin ake barbaɗa wa irin doya, amma tana cikin gubobin da yarjejeniyar duniya ta birnin Istokholm ta haramta a 2001.

Yanzu sai mu tambayi kanmu. Abubuwan nan da suka matsar da iyakar ƙwaro a Turai, wanne ne babu a nan? Muna haƙa rijiyoyin burtsatse ko'ina. Noman rani ya sa akwai ɗanyar saiwa da laima a Kadawa da Bakalori da fadamun Haɗeja a watannin da a da ƙasa ke bushewa ƙayau. Lokacin saukar damina yana gaba yana baya. Manyan motoci kuma dare da rana suna ɗauke da doya da dankali da 'ya'yan itatuwan dashe, da ƙasa a jikinsu, daga wannan iyakar ƙasa zuwa waccan. Wanda ya ce ƙwarin da kakansa ya sani su kaɗai jikansa zai gani, bai duba da kyau ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ga hukuma, magana ɗaya ce: a ƙirga. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da cibiyar IITA a Badun, da malaman gona na jihohi. IITA ɗin nan ce a 1981 ta saki wani ɗan ƙaramin zanzaro da aka samo daga Amurka ta Kudu, bayan an gwada shi an tabbata, ya yi maganin ƙwaron da ya so ya ƙare rogo a Afirka, ba tare da feshi ba. Ashe gwanintar tana nan. Abin da ake bukata shi ne kowace ƙaramar hukuma ta sami wurin da ake kafa fitilar tarko a farkon damina, a rubuta ranar da ƙwaro ya fita da yawansa, a tona ramuka a ƙirga tsutsa, a tara labarin shekara da shekaru, sa'an nan a sanar da manoma ta rediyo da Hausa kafin shuka. Kuɗin wannan bai kai na motar babban ma'aikaci ɗaya ba. Hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, ita ma a ƙarfafa ta a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da filayen jiragen sama, domin ta nan baƙo ke shigowa.

Ku kuma 'yan'uwa, akwai naku. Idan an bugo muku waya daga gida an ce gyaɗa tana yaushi a aiko da kuɗin magani, ku ce a tona gindi goma tukuna a ga abin da ke ciki, a kai wa malamin gona ya duba. Maganin da ke kashe ƙwaron ganye ba lalle ya kai ga tsutsar da ke cikin ƙasa ba, kuma kada a sayi garin da aka ƙulla a leda ba suna ba takarda. Ku tuna musu cewa huɗa mai zurfi takan fito da tsutsa rana ta buge ta, balbela da kaji su tsince. A bar takin gida ya ruɓe sosai kafin a kai gona. A daren farko da na biyu bayan ruwan shuka, a sa yara su girgiza itatuwan gefen gona da magariba su tsince ƙwaron kafin ya yi ƙwai, kamar yadda ƙauyukan Indiya ke yi, amma sai unguwa duka ta yi tare zai yi amfani.

Mai zuwa gida da sallah kuma, idan ya ga wani tsiro ya ba shi sha'awa a Kurmi ko a wata ƙasar waje, kada ya ɗauko shi da ƙasarsa. Direba ya share bayan motarsa kafin ya juya. Tsutsar da ta tashi daga Babados ta sauka a Morishus ba ta biya kuɗin jirgi ba, wani ne ya ɗauke ta bai sani ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai ku gida lafiya.